Taswirar GIS a harkar lafiya: aiki take yi ko kwalliya ce?

To ɗan'uwa, ka tambaya wai wannan fasahar taswira ta GIS da ake ta zuzutawa a tarurrukan lafiya, da gaske tana rage cuta a cikin al'umma ko kuwa kwalliyar rahoto ce kawai, sannan ma'aikacin lafiya da ba shi da manyan kayan aiki ta ina zai kama. Harkar da nake ciki kenan, don haka zan ɗan ja maganar, ka yi haƙuri da tsawonta.

Tana aiki, amma ba ta inda yawancin mutane suke zato ba. In aka ce taswirar cuta abin da ke faɗo wa mutane a rai shine allon nan mai jajayen ƙwallaye da jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buɗe ranar 22 ga Janairun 2020 lokacin korona, wanda duniya ta dinga leƙawa safe da yamma. Ya yi amfani wajen sanar da jama'a, ban musa ba, sai dai a wurina shi ne ƙaramin aikin. Inda taswira take nuna bajintarta shine wajen tono mutanen da babu su a rijistar kowa, ƙauyen da ayarin rigakafi bai taɓa takawa ba, unguwar da asibitin gabas yake zaton ta asibitin yamma ce shi kuma na yamma yake zaton ta na gabas ce, ƙarshe babu mai zuwa.

Shi GIS ɗin ba wani abin tsoro ba ne. Duk bayanin da kake da shi, asibiti ne, rijiya ce, gidan da aka samu mai amai da gudawa ne, sai ka liƙa masa inda yake a doron ƙasa, wato lambobi biyun nan da GPS na wayarka ke bayarwa. Da zarar komai ya samu wurinsa kwamfuta za ta iya ɗora su kan juna. Ka ɗauka kamar fararen ledoji ne da ake gani ta cikinsu, ka zana hanyoyi a ɗaya, koguna a ɗaya, gidaje a ɗaya, marasa lafiya a ɗaya, ka jera su kan juna ka ɗaga wa haske, abin da ya ɓuya a jadawalin lambobi sai ka gan shi ƙuru-ƙuru. Ƙarin da kwamfuta ta yi shine tana aunawa, za ta gaya maka mutum nawa ne suke zaune nesa da asibiti fiye da tafiyar awa ɗaya, ko masai nawa ne suke kusa da rijiya fiye da ƙima. Tsarin farko irin wannan a Kanada aka gina shi a shekarun 1960 ƙarƙashin Roger Tomlinson, don lissafin filaye da gonaki ma aka yi shi, daga baya 'yan lafiya suka ara.

Amma tunanin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Duk wanda ya karanta lafiyar al'umma an ba shi labarin Dakta John Snow. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan ta kashe mutum 616, a lokacin da yawancin likitoci suka yarda cewa mugun wari da gurɓatacciyar iska ke kawo ta. Snow ya bi diddigin inda kowane mamaci yake zaune ya ga sun taru kewaye da famfon ruwan titin Broad, hukumar unguwar ta cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. A nan ake yawan tsayar da labarin saboda ya fi daɗi haka. Abin da ba a cika faɗa ba shine annobar ta riga ta fara lafawa kafin a cire hannun domin jama'a da yawa sun tsere, kuma ita shahararriyar taswirar sai daga baya aka zana ta aka buga. Abin da ya ƙarfafa hujjarsa sosai wuraren da suka saɓa wa tsarin ne. Akwai wani gidan gajiyayyu a titin Poland, yana tsakiyar masifar, mutum 535 a ciki amma biyar kacal suka mutu, da ya bincika ashe suna da rijiyarsu. Sannan wata dattijuwa a can Hampstead, nesa da wurin, ita kuma ta mutu, ashe daɗin ruwan famfon nan take ji ana kai mata shi a kwalba. Kaga taswira nuni kawai ta yi, ƙafa ce ta je ta tambayo. Har yau haka abin yake, duk wanda ya ce maka ya gano musabbabin cuta yana zaune kan kujera yana kallon allo, ka yi taka-tsantsan da maganarsa.

Abu na farko da ke kayar da sababbin shiga shine ɗigo. Mutum ya zuba ɗigon marasa lafiya a taswira ya ga sun yi cincirindo a wuri ɗaya sai ya ce ga matattarar cuta, alhali kawai nan ne jama'a suka fi yawa. Bari in ba ka misali na ƙirƙira: unguwa ta farko an samu mutum 40 cikin mazauna 40,000, ta biyu mutum 15 cikin 3,000. A ido ta farko ce ta yi ja, a lissafi kuwa ta farko mutum ɗaya ne cikin dubu, ta biyu biyar cikin dubu, wato wutar tana ta biyun. Shi ya sa kullum nake cewa rabin aikin GIS a lafiya neman yawan jama'a ne, kuma shi ne rabin da ya fi wuya, domin ƙasashe da dama ƙidayarsu ta tsufa, ana ta ninka tsohon adadi da kashi kaza duk shekara kamar mutane ba sa ƙaura. Daga nan ne kake ganin rahoto ya ce an yi wa yara kashi 120 cikin ɗari rigakafi, abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma ƙyanda ta ɓarke a wurin. Akwai kuma kishiyar wannan tarkon, ƙauye mai mutum 200 a samu biyu, lissafi zai ce goma cikin dubu ya fi ko'ina muni, alhali ƙila gida ɗaya ne, shekara mai zuwa ya dawo sifili. Ƙananan wurare sai an haɗa shekaru ko an haɗa su da maƙwabta kafin a yarda da launinsu.

Misalin da na fi so, kuma wanda duniya ta koyi darasi daga gare shi, shine yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya. Kafin wajen 2012 ayarin masu ɗigon rigakafi da taswirar hannu suke fita, wani ya zauna ya zana a takarda daga abin da ke kansa. Matsalar irin wannan taswirar ba wai mai zanen ƙarya ya yi ba, abin da ya sani ya zana, wanda bai sani ba kuma ta yaya zai fito? Rugage, ƙananan ƙauyukan da suka faɗo kan iyakar mazaɓu biyu, sababbin unguwannin bayan gari da suka tsiro jiya-jiya, duk sai su zube. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka bi ana fitar da duk wani gungun gine-gine, daga manyan garuruwa har gida biyu uku a daji, aka kuma tura mutane su je su karɓo sunayen wuraren daga bakin masu wurin, domin hoto zai nuna maka rufin ɗaki amma ba zai gaya maka sunan gari ba ko wa ke riƙe da shi. Bayan nan aka ba ayarin wayoyi masu GPS su saka a jaka, wayar tana ɗaukar inda suke duk bayan 'yan mintuna, da yamma a sauke sawun a ɗora kan taswira, a ga inda ba a taka ba, a mayar da ayari wurin kafin zagayen ya ƙare. Wannan na ƙarshen shine sirrin, bayanin yana dawowa hannun mai yanke shawara a lokacin da zai iya yin wani abu da shi. Taswirar da ta fito wata uku bayan an tashi daga aiki sai dai ta shiga rahoto.

Duk da haka kar a yaudare ka, sawun waya yana nuna an je ne kawai, ba ya nuna an ɗiga wa yaro a baki. Mutum zai iya zagaye unguwa da waya a aljihu bai ƙwanƙwasa ƙofa ko ɗaya ba, shi ya sa ba a daina bin baya ana duba alamar tawada a yatsun yara ba. Da shan inna ta sake ɓulla a Borno a 2016 a yankunan da rashin tsaro ya hana shiga, hotunan sama aka dinga kwatantawa, na bara da na bana, don a ƙiyasta ko ƙauye yana da mutane har yanzu ko ya zama kufai. Ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yankin Afirka ya rabu da asalin ƙwayar cutar mai yawo a gari. Taswira ba ita kaɗai ta yi wannan ba, akwai matan da suka bi gida-gida, da shugabannin al'umma, da ɗakunan gwaji, da maƙudan kuɗi, amma ita ta nuna musu inda ake ta tsallakewa.

Fanni na biyu da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba shine auna nisa. An saba a zana da'ira ta kilomita biyar kewaye da asibiti a ce duk na ciki sun samu. Tsuntsu ne kaɗai ke tafiya haka. Mutum yana da kogi a gabansa, ko dutse, ko hanyar da take mutuwa da damina, don haka abin aunawa lokaci ne, minti nawa, a ƙafa ko a babur ko a mota, a wane yanayi. Wani bincike da aka buga a 2020 ya zana wannan ga duniya baki ɗaya, ya samu kashi 8.9 cikin ɗari na mutanen duniya ba za su kai wurin kula da lafiya cikin awa ɗaya ba ko da suna da abin hawa, in kuwa a ƙafa ne adadin ya kai kashi 43.3. Ga mace mai zubar da jini bayan haihuwa wannan ba lissafin takarda ba ne, cikin awa biyu za a iya rasa ta. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan tiyata a 2015 ma da awa biyun ya auna, ya ce a yi ƙoƙari kafin 2030 kashi 80 na jama'ar kowace ƙasa su iya kaiwa inda ake tiyatar haihuwa da ta ciki da ta buɗaɗɗiyar karaya cikin wannan lokacin. Akwai manhaja kyauta mai suna AccessMod da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya don irin wannan lissafin, da ita za ka iya gwada cewa in aka gina sabon asibiti a nan ko a can wanne zai fi kusanto da mutane, ko in aka ajiye motar ɗaukar marasa lafiya a wannan mahaɗar. Sai dai fa ɗigon asibiti a taswira ba asibiti ba ne. Akwai ungozoma da dare? Akwai jini? Akwai wuta a firijin rigakafi? In ba ka saka wannan a bayan ɗigon ba to gini ka zana.

Sai maganar iyakoki, wadda ita ce mafi wayo a duk tarkunan. Bayanai iri ɗaya, ka sauya layin da ka yanka su da shi, sai amsa ta sauya. Ka duba abin da ya faru a birnin Flint na Amurka. A Afrilun 2014 aka mayar da ruwan shan birnin zuwa kogin Flint, ruwan ya dinga cin bututu yana sakin dalma. Da aka tara sakamakon jinin yara bisa yankunan gidan waya sai matsalar ta dusashe, saboda waɗannan yankunan sun haɗa da gidajen wajen birni da ba su ma shan wannan ruwan. Likitar yara Dakta Mona Hanna-Attisha da abokan aikinta suka mayar da kowane yaro kan adireshin gidansa, suka ware masu shan ruwan birni, sai ga shi yaran da dalma ta yi yawa a jininsu sun tashi daga kashi 2.4 zuwa 4.9 cikin ɗari, a wasu unguwannin ma abin ya fi haka muni. Haka yake a sanƙarau, a zirin nan na ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha ana ƙirga masu cutar mako-mako, in suka kai 10 cikin mutum 100,000 a mako ɗaya an shiga annoba, amma in gunduma ta yi girma da yawa sai wutar da ke ci a lungu ɗaya ta narke cikin jimilla, shi ya sa ake raba manyan gundumomi kashi-kashi wajen lissafin.

Wani abin da nake so ka riƙe da kyau, wurin da ya fito fari tas a taswirar cuta shi nake fara zargi. Yawancin bayananmu daga asibiti suke fitowa, don haka sau da yawa taswirar inda ake kai rahoto kake kallo kana zaton ta cuta ce. Inda akwai ɗakin gwaji mai kyau tarin fuka zai fito da yawa, inda babu ko ma'aikaci sai ya fito lafiya lau. Kafin ka ce wuri kaza babu cuta ka ɗora taswirar asibitocin da suka turo rahoto a watan. Su kuma kyawawan taswirorin nan masu launi sumul irin na Malaria Atlas Project, masu zana taswirar zazzaɓin cizon sauro, ƙiyasi ne, an auna jini a wasu wurare an haɗa da ruwan sama da zafi da tsirrai kwamfuta ta cike giɓin. Suna da ƙarfi a matakin ƙasa ko nahiya, da irinsu aka ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka, kashi 68 na wannan albarkacin gidan sauro mai magani. Amma kar ka zuƙo su har kan ƙauye ɗaya ka yanke hukunci.

Sirri kuma ba abin wasa ba ne, ɗigo a kan gida daidai yake da suna. Ka cire sunan mai ƙanjamau ko tarin fuka ka bar ɗigon gidansa ka haska a taro, ai ka tona shi. Shirin binciken lafiya na DHS da ake yi a ƙasashe da yawa da gangan yake gusar da lambobin wuri kafin ya saki, har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a karkara, kaɗan daga ciki har 10. Taswirar da ke nuna gida-gida ta tsaya hannun masu bin sawun cutar, wadda za a fitar waje a tattara ta a matakin unguwa ko sama. Ko a hakan ma a kula da yadda ake magana, unguwa guda za ta iya shan tsangwama shekaru saboda an shafa mata ja sau ɗaya.

Yauwa, batun ta ina za ka fara. Kuɗin manhaja ba shi ne cikas ba yanzu. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce kuma ta ishe ka kusan komai, KoboToolbox ko ODK za su ɗaukar maka bayani da lambobin wuri a waya ko babu intanet, OpenStreetMap na da hanyoyi da gine-gine, WorldPop na da ƙiyasin jama'a a kowane fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, in ƙasarku na amfani da tsarin tattara bayanan lafiya na DHIS2 ma akwai sashen taswira a cikinsa da mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba. Amma kar ka fara da manhaja, fara da tambaya guda ɗaya wadda wani zai sauya aikinsa in ya ji amsarta, misali waɗanne garuruwa ne a yankina babu asibitin da ya saka su a jadawalin fita rigakafi. Ka tattaro jerin garuruwa daga kowane asibiti, ka ɗauki wurin kowanne, ka ɗora kan hoton sama, duk gungun gidajen da ya rage babu suna to aikinka ya samu. Sannan ka buga ta a babbar takarda ka shimfiɗa gaban mutanen wurin da biro a hannunsu, za su gyara maka abin da tauraro bai gani ba, su ce waɗannan sun tashi, wannan gadar ta karye, waɗancan sai bayan girbi suke dawowa.

Abin da zai fi cinye maka lokaci sunaye ne. Gari ɗaya rubutu uku, ko garuruwa biyar suna ɗaya. Lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014 wannan ya wahalar da masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya ƙwarai, har ta kai 'yan sa-kai a intanet suka zana garin Gueckedou na ƙasar Gini cikin 'yan kwanaki daga hotunan sama saboda babu taswirar kirki, a ƙarshen shekarar kuma aka kafa shirin Missing Maps don kar a jira annoba kafin a zana wuri. Don haka kowane gari da kowane asibiti ka ba shi lamba tasa da ba ta sauyawa, ka rubuta ranar da aka ɗauki wurin da wanda ya ɗauka, kuma a samu mutum ɗaya da aka ɗora wa sabunta jerin, in ba haka ba bayan shekara biyu taswirar ta zama tarihi.

Wajen ɗaukar wuri kuma ka fito fili daga ƙarƙashin rufi ko bishiya, ka jira wayar ta natsu har kuskurenta ya sauko ƙasa da mita 10, kar a zauna a ofis a ɗauki garuruwa ashirin a kujera ɗaya, ana yi kuma taswira tana tonawa. In ka buɗe QGIS ka ga asibitinka ya koma wata ƙasa to ka juya lambobin biyu ne, na farko ya koma gurbin na biyu, in kuwa ka same shi tsakiyar teku kudu da Ghana to wani ya bar gurbin babu komai kwamfuta ta karanta sifili da sifili, sai a koma a sake ɗauka.